Motarka Mai Turbo Tana Shanye Baƙin Mai? Kar Ka Bari A Sauke Inji Tukuna

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da kuma waɗanda suka ce sun fi son su karanta a nutse.

Yau maganar mota za mu yi. Wani ɗan'uwa ne ya turo mana saƙo daga Zariya. Ya ce ya tara kuɗi ya sayi mota Beljiyam mai turbo, ta haura shekara goma da ƙerawa. Lafiya lau take tafiya, in ya taka ta tana amsawa, amma duk bayan 'yan kwanaki sai ya ƙara mata baƙin mai. Ya je gareji uku. Na farko ya ce turbo ne. Na biyu ya ce ringi ne, sai an sauke inji. Na uku ya ce ya manta da su, ya zuba mai mai kauri ya ci gaba da harkarsa. Shi kuma da motar nan yake neman abinci. Ya ce, "Yaya, wa zan bi a cikinsu?"

To ƙanena, amsata ita ce kar ka bi kowa tukuna. Wataƙila ɗaya daga cikinsu ya yi daidai. Amma a yadda ka ba ni labari, babu wanda ya auna komai, duk cinta suka yi. Kuma cinta da aljihun wani ba ta da wahala.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, shi ya sa saƙon ya taɓa ni. Wata tsohuwar motata ta fara shan baƙin mai, wani bakanike ya leƙa tiyon iska ya ga danshin mai, ya ce, "Oga, turbo ya tafi." Na sayi wani turbon, aka ɗaura. Bayan sati biyu na zaro geji, mai ya sake sauka kamar ba a yi komai ba. Ashe wani ɗan bawul ne na roba a saman inji ya yage. Kuɗinsa bai kai kusa da na turbo ba. Tun daga ranar na koyi cewa a wannan matsalar, daga mai araha ake farawa, a hau zuwa mai tsada.

Bari mu bi abin daki-daki.

Abu na farko: ka auna. "Tana sha sosai" ba awo ba ne. Ka ajiye motar a wuri mai lebur, ba gangare ba. Inji ya yi zafi, ka kashe, ka jira kamar minti 10 mai ya koma ƙasa. Ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka cika mai zuwa layin sama daidai, kar ka wuce. Ka ɗauki hoton geji da na kilomitar da ke kan dashbod da wayarka. Sai ka yi tafiyar kilomita 1000. In ka je Abuja daga Kano ka dawo, ka haɗa da zirga-zirgar cikin gari ta 'yan kwanaki, ka kai. Sannan ka koma wuri ɗaya, ka auna ta hanya ɗaya, ka ga nawa za ka zuba kafin ya koma layin sama. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita 1 ne.

Me ya sa wannan? Saboda kowane inji yana ƙona ɗan mai, mai turbo kuma ya fi. Kamfanin Volkswagen da Audi, misali, sun rubuta a littafin motocinsu cewa shan mai zai iya kaiwa rabin lita a kilomita 1000. Ni dai a ganina wannan ma ya yi yawa ga inji mai lafiya, amma aƙalla ka samu ma'auni. In taka tana shan lita guda a kilomita 500, babu gardama, akwai matsala. Kuma wannan lambar da ka rubuta, ita ce za ta gaya maka ko gyaran da aka yi maka ya yi aiki ko bai yi ba.

Abu na biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Baƙin mai hanya uku kawai yake bi ya ɓace: ko ya zuba waje, ko ya shiga ruwan lagireto, ko ya ƙone ya fita ta salansa. Shi ke nan, babu ta huɗu.

Fara da zuba. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana. Amma ka lura, yawancin motocin nan suna da murfin roba a ƙasan inji, yana tare mai ya hana shi ɗiga, sai a cire shi a duba. Wani yoyon kuma ba ya fitowa sai inji yana aiki. Saboda haka a wanke injin tas, a yi tafiyar kwana biyu, a ɗaga motar a haska da tocila. A duba gaskit ɗin murfin saman inji, da wajen da filtar mai take zama, da oyil sil na gaba da na baya wajen giya, da noti na juye, da bututun mai guda biyu da ke jikin turbo. In kana jin ƙaurin mai a cikin mota idan ka tsaya a danja, sau da yawa mai ne ke ɗiga a kan ƙarfen salansa mai zafi yana ƙonewa, shi ya sa ba ka ganinsa a ƙasa.

Sai ruwa. Inji a sanyaye, na maimaita, a sanyaye, ka buɗe robar ruwan lagireto. In ka ga mai yana yawo a sama, ko wani abu mai kauri kamar kunu, to mai da ruwa sun haɗu. Ko na'urar sanyaya mai ce ta fashe, ko gaskit ɗin kan inji. Wannan wata magana ce daban, kuma ba ta jira.

In babu zuba, ruwa kuma tsaf, to ƙonewa yake yi. Nan ne ainihin aikin.

Kalli hayaƙi. Baƙi, fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri wanda ba ya ɓacewa ko da inji ya yi zafi, ruwa ne. Mai shuɗi-shuɗi, ko toka-toka mai ƙauri, shi ne baƙin mai. Amma kar ka ce ai ni ba na ganin hayaƙi, saboda haka ba ƙonewa yake ba. Akwai matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi. Idan ta yi zafi tana cinye hayaƙin mai da yawa kafin ya fito. Ka sa yatsa a bakin salansa in ta huce. Baƙin toka busasshe ba wani abu ba ne. Mai maiƙo shi ne abin dubawa.

Kuma lokacin da hayaƙin ke fita yana da labari. Ka sa abokinka ya biyo ka a baya a kan babur ko mota, ya ɗauka a waya. In hayaƙin yana fita da safe daga tayarwa, ya yi 'yan daƙiƙu ya ɗauke, ko kuma bayan ka daɗe a gosulo ka taka totur ya yi bul, ko bayan ka sauko gangare ƙafarka ba ta kan totur, to zargi ya fi karkata ga robobin bawul. Ƙananan robobi ne a saman inji, zafi da shekaru suna busar da su, mai ya riƙa silalowa. In kuma hayaƙin yana fita ne lokacin da ka take ta sosai, kana hawa tudu ko kana wuce tirela, to ringi ko turbo. Amma fa wannan alama ce, ba hukunci ba. Alama tana gaya maka inda za ka fara leƙawa ne kawai.

Yauwa. Yanzu ga wanda ya ci min kuɗi. Kowane inji, ko sabo ne, akwai ɗan iskar da ke kuɓucewa ta gefen fistin ta sauka ƙasa inda mai yake. Dole a fitar da ita, in ba haka ba za ta kumbura ta tura mai ta kowace kafa. Shi ya sa aka yi wa inji hanyar numfashi, da wani bawul da ake kira PCV. Aikinsa ya raba tururin mai da iska, ya mayar da mai ƙasa, ya tura iskar a ƙone ta. A inji mai turbo abin ya fi rikitarwa, domin hanya biyu ce: ɗaya tana aiki lokacin da mota take silo, ɗaya kuma lokacin da turbo yake hura iska. In robar cikinsa ta yage, inji zai riƙa zuƙar mai kai tsaye yana ƙonawa. In kuma ya toshe, matsi ya taru a ciki, mai ya nemi hanya.

Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Mota tana silo, ka buɗe murfin da ake zuba mai. Ka ji ɗan zuƙa kaɗan, wannan daidai ne. In murfin ya manne sai ka yi da gaske kafin ya buɗu, ko kana jin inji yana fito kamar ɗan makaranta, to robar ta yage. In kuma iska da hayaƙi ne ke bugowa waje da ƙarfi, ko hanyar ta toshe, ko ringi sun saki. A canza bawul ɗin, a duba tiyoyinsa, sannan a sake awon kilomita 1000. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

Kafin mu taɓa turbo, buɗe akwatin filtar iska. Mu da muke cikin ƙurar hunturu, wannan ba abin wasa ba ne. Idan filta ta toshe, turbo yana jan iska bai samu ba, sai ya jawo mai daga cikin kansa. Kuma in filtar ta yage ko an bar akwatin a buɗe, ƙura tana shiga tana cin fukafukan turbo da bangon silinda kamar sanfefa.

To shi turbon kansa fa? Ka fahimci yadda yake. Hayaƙin salansa ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya wata a ɗaya gefen, wadda ke cusa iska cikin inji. Sandar da ta haɗa su tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai take yawo. Mai yana shigowa ta siririn bututu a sama da matsi, ya fita ta babban bututu a ƙasa ya koma tukunya. Wannan na ƙasan babu famfon da ke jan sa, gangarowa kawai yake yi. Kuma abin da ke tare mai a cikin turbo ba roba ba ce, wasu 'yan zobban ƙarfe ne. Ka gane inda na dosa? In bututun ƙasa ya toshe da dasƙararren mai, ko ya lanƙwashe, ko matsi ya yi yawa a cikin inji saboda PCV, ko an cika mai ya wuce layi, lafiyayyen turbo ma zai yi aman mai. Ka sa sabo, shi ma ya yi. Abin da ya same ni ke nan.

Yadda ake dubawa: inji a kashe, a sanyaye. A cire tiyon da ke shiga bakin turbo, a kama sandar da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, tunda babu mai a ciki a lokacin, amma kar farfela ta taɓa bango. Motsi ciki da waje kuwa, bai kamata ka ji shi sosai ba. A haska a ga ko fukafukan sun karye ko sun goge bango. Sannan a cire tiyon ƙasa na intakula, wato abin nan mai kama da lagireto da ke sanyaya iskar turbo. Danshin mai a jikin tiyo abu ne da aka saba gani a tsohuwar mota, kar wani ya tsorata ka da shi. In mai ya tsiyayo kamar an karkata kofi, wannan ne magana. Masu motar dizal ku ƙara kula a nan: injin dizal yana iya kama wannan man ya riƙa ci da kansa, ya yi ta ƙara gudu ko ka zare makulli.

Mu je ga fulogi. A kwance su duka, a jera su yadda suke a inji. In mai yana cikin ramin fulogi ta sama, gaskit ɗin murfi ne, ƙaramin aiki. In bakin fulogin ne ya jiƙe ko ya tara dasƙararriyar toka, wannan silindar tana ƙona mai. Guda ɗaya ce ta yi haka, sauran tsaf? To matsalar a wannan silindar take. Duka ne? To ko abin daga hanyar iska yake zuwa, wato PCV ko turbo, ko kuma duk ringin sun gaji tare.

Sai yanzu muka iso ringi. Akwai gwajin matsi, wanda ake ɗaura geji a ramin fulogi a buga sitata. Abin da ake so, silindoji su yi kusa da juna, bambancin kar ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan mai a sake. Ta tashi? Ringi ne. Ba ta tashi ba? A duba bawul ko gaskit. Akwai kuma gwajin da ake hura iska cikin silinda a saurari inda take fita. Ta murfin mai, ringi. Ta salansa, bawul ɗin hayaƙi. Ta hanyar shigar iska, bawul ɗin iska. Kumfa a ruwan lagireto, gaskit.

Amma ga wani abu da ko wasu tsofaffin hannu yake rufewa. Fistin yawanci ringi uku gare shi. Biyu na sama su ke riƙe matsi. Na ƙasa aikinsa share mai daga bangon silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ƙofofi. Gwajin matsi na saman yake aunawa. Saboda haka na ƙasa zai iya toshewa da gawayi, ya manne, mota tana shan mai kamar ruwa, amma geji ya nuna matsi lafiya lau, ƙarfinta kuma bai ragu ba. Shi ya sa "ai tana da ƙarfi" ba ya wanke ringi. A nan ƙaramar kyamarar nan da ake zurawa ta ramin fulogi tana taimakawa, a ga saman fistin da bangon silinda da ido. Gani ya kori ji.

Akwai sanannen misali. Injin Audi mai lita 2.0 da ake kira TFSI, wanda ke cikin A4 da A5 da Q5 na wajen 2009 zuwa 2011, ya yi suna a kan wannan. Ƙofofin ringin share mai ƙanana ne, suna saurin toshewa. A Amurka masu motocin sun haɗu sun kai ƙara, aka sasanta, kamfanin ya tsawaita garanti a kan matsalar. Abin da nake so ku ɗauka shi ne yadda kamfanin da kansa ya tsara gyaran. Matakin farko, a canza bawul ɗin numfashi da oyil sil na gaba, a sabunta manhajar kwamfutar inji. Sannan a auna shan mai. Sai in har yanzu ya wuce ƙa'ida ake canza fistin da ringi. Kun gani? Wanda ya ƙera injin ma bai fara da sauke shi ba. Kuma waɗannan motocin suna cikin waɗanda ake shigo mana da su na hannu, saboda haka mai niyyar saye ya tambaya ko an taɓa yi mata wannan aikin.

Saura maganar bakanike na uku, mai cewa a zuba mai kauri. Gaskiya ne, in ka zuba 20W-50 a injin da aka yi don 5W-30 ko 5W-40, shan zai iya ɗan raguwa. Amma rufe ciwo ka yi, ba magani ba. Mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, ga ƙananan hanyoyin mai a injinan zamani. Ka duba littafin motarka, ko ka nemi lambar injin a intanet, ka zuba abin da aka ce. Ka sayi mai a rufe da hatiminsa a wurin da ka yarda da shi, ban da na awo a gora a bakin titi. Araha ba ta ado. Da zafinmu da ƙurarmu da gosulo, gara ka yi juye da wuri da ka ja shi. Kuma in ka sha doguwar tafiya da gudu, kar ka kashe mota nan take. Ba ta minti 1 ko 2 tana silo. In ka kashe turbo yana da tsananin zafi, man da ya tsaya a cikinsa yana soyuwa ya zama gawayi, gawayin nan shi ke toshe bututu.

In bincike ya tabbatar turbo ne, to a yi aikin gaba ɗaya. A canza siririn bututun mai ko a tabbatar a buɗe yake, a duba na ƙasa, a wanke intakula da tiyoyi, a yi juye da sabuwar filta, a zuba ɗan mai cikin sabon turbon kafin a tayar. Kuma kar hankalinka ya tashi in ta ɗan ci gaba da hayaƙi da farko, tsohon man da ya kwanta a salansa ne yake ƙonewa.

Wani zai ce, to ni ba ni da kuɗin gyara yanzu, in ci gaba da ƙara mai? Za ka iya lallaɓawa na wani lokaci, amma ka san abin da kake saye. Man da ke ƙonewa yana toshe indomi, yana kashe na'urorin da ke auna hayaƙi, yana ɓata fulogi. Babban haɗarin kuma shi ne ranar da ka manta. Jar fitilar nan mai kama da buta ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take matsin mai ya faɗi. In ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe nan take. Minti kaɗan ne tsakaninka da bugawar inji. Saboda haka galan ɗin mai ya zauna a but, kuma duk lokacin da ka tsaya shan fetur ka zaro geji.

To ƙanena na Zariya, ga abin da za ka yi gobe. Ka cika mai zuwa layi, ka ɗauki hoto. A wanke inji a nemi yoyo. Ka leƙa ruwa. Ka gwada murfin mai, ka duba filtar iska. Daga nan turbo da bututunsa, sai fulogi, sai gwajin matsi. Duk bakaniken da ya ce a sauke inji, ka ce masa cikin ladabi, "Malam, nuna min abin da ka gani." Na ƙwarai ba zai ji haushi ba, zai ma ji daɗi ya samu mai mota da ya san abin da ake yi. Kuma in an canza abu, a canza ɗaya a lokaci guda, a sake awo. In ka canza uku rana ɗaya, ba za ka taɓa sanin wanne ne mai laifin ba.

In ka gama awon kilomita 1000 ɗin, ka turo mana lambar da hoton fulogin, mu duba tare. Sauran jama'a kuma, wanda ya san yana da aboki mai yawo da galan a but, ya tura masa wannan.